Ɗanmu Na Waje Da Masu Zuba Jari: Me Ke Sa A Saurare Shi, Me Ke Sa A Raka Shi Ƙofa?

Cikin yaran da suka bar ƙauyukan Kano da Jigawa suka tafi karatu ƙetare, musamman daga 2011 zuwa 2015 da gwamnatin Kano ta riƙa tura ɗalibai waje, akwai waɗanda ba su tsaya ga aikin albashi ba. Sun koyi rubuta manhaja, sun haɗa kai da aboki ɗaya ko biyu, sun yi rajistar kamfani a Ingila ko Amurka. Sau da yawa kuma ciwon da suke nema wa magani na gida ne: tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a hanyar Legas, riɗin Jigawa da manomi ke sayarwa bai san yadda ya kwana a Dawanau ba, kuɗin shanun Maigatari da har yanzu wasu ke yawo da su a jaka. Inda yawancinsu ke cijewa shi ne ranar da za a ba su 'yan mintuna gaban masu kuɗi, su faɗi dalilin da zai sa a zuba jari a kamfaninsu.

Baƙunta ita kaɗai ba ta hana samu. A 2022 cibiyar bincike ta National Foundation for American Policy ta ƙirga sababbin kamfanonin Amurka 582 da darajar kowanne ta kai dala biliyan ɗaya, ta tarar 319 daga ciki akwai baƙo a cikin waɗanda suka kafa su, wato kashi 55 cikin ɗari. Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, wanda ya sayi takwaransa na Najeriya Paystack na su Shola Akinlade da Ezra Olubi a 2020 kan sama da dala miliyan 200, wasu 'yan'uwa biyu 'yan Ireland ne suka kafa shi. Tope Awotona haifaffen Legas ne, a Atlanta ya kafa Calendly, manhajar tsara lokacin ganawa, a 2013. Ke nan ƙofar tana buɗuwa. Sai dai waɗanda ta buɗe wa sun san lissafin da ke kan mutumin da ke zaune a ɗaya ɓangaren teburin, kuma wannan lissafin ne namu yaran ke tsallakewa su tafi gyaran launin shafukan da za su gabatar da kamfaninsu da su.

Mai zuba jari irin wannan ba kuɗin gadonsa yake juyawa ba. Amana ce ya karɓo daga asusun fansho, da jami'o'i masu dukiya, da attajirai, bisa alkawarin zai mayar da ita da riba nan da kamar shekara goma. A al'adar sana'ar yana cire kashi 2 cikin ɗari duk shekara na gudanarwa, sannan ya ci kashi 20 na ribar ƙarshe. A ce asusun dala miliyan 100 ne, ya raba wa kamfanoni talatin. Tun ran gini ya san da yawansu za su mutu, wasu su dawo da abin da bai kai uwar kuɗi ba. Duk fatansa ya rataya kan ɗaya ko biyu da za su yi girman da zai rufe asarar sauran. In yana riƙe da kashi 10 na kamfaninka ranar da aka sayar da shi, sai an sayar da shi dala biliyan ɗaya kafin kasonsa ya mayar da uwar kuɗin asusun, ba a ma taɓo riba ba. Shi ya sa yaro zai zo da sana'a mai kyau, mai ciyar da gida goma, a yaba masa, a sha shayi, a rabu ba a ba shi ko sisi ba. Ba ƙiyayya ba ce, sana'arsa ce ba ta shiga lissafinsu. Ni a ganina rabin masu wannan fafutuka ma bai kamata su nufi irin waɗannan mutane ba tun farko. Kamfanin da zai tsaya a jiha biyu ya yi ribarsa cikin rufin asiri, gara ya nemi tallafin hukumomin raya ƙasa, ko jarin 'yan kasuwar gida, ko ya girma da cinikinsa. Shi kansa Awotona da ajiyarsa ya fara, bai karɓi babban jari ba sai Janairun 2021, lokacin da aka zuba dala miliyan 350 aka yi wa kamfanin kima ta dala biliyan 3.

To a ce yaron ya tabbata nasa mai girma ne. Shafukan gabatarwa da irinsu ke turo mana mu duba kusan duk kansu ɗaya: na farko taswirar Najeriya da mutum sama da miliyan 200, na biyu hoton dattijo riƙe da fartanya, na uku bayanin talauci. Wannan shiri ne na neman taimako daga ƙungiyar agaji. Mai zuba jari ya ga irinsa har ya gaji, kuma ba shi da lokaci. Binciken da kamfanin DocSend ya yi a 2015 kan sababbin kamfanoni 200 ya nuna a matsakaici minti 3 da daƙiƙa 44 masu zuba jari ke yi kan shafukan gabatarwa gaba ɗaya. Wanda ya ƙarar da minti biyu kan yawan 'yan Najeriya ya ci rabin rabonsa kan abin da kowa zai gani a intanet.

Abin da ba a gani a intanet shi ne Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir. Duk wanda ya bi hanyar Zariya ta Garun Malam da rani ya san wurin: kwanduna jere har bakin titi, 'yan dako na kai da kawowa, dillali da ɗan littafinsa a aljihun gaba yana rubuta na wane kwando nawa, motoci na jiran lodi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita dubu. Ana ɗora kwando kan kwando, na ƙasa ya sha nauyi, ruwan tumatir na ɗiga a bayan mota tun ba a kai Kaduna ba. Yaron da ya tashi a nan ya san wa ke ɗaukar asarar kwandon da ya lalace, ya san yaushe kuɗi ke dawowa hannun manomi, ya san dalilin da ya sa dillali zai ƙi sabon tsari ko da ya fi, in dai zai taɓa masa la'ada. Wannan sanin ne jarinsa na gaskiya, shi ne abin da ɗan Landan mai irin digirinsa ba zai iya saya ba. Amma sai ka ga ya ɓoye shi a shafi na goma sha biyu, wai kada a ce masa ɗan ƙauye.

Misali, a ce kamfanin yana ba da hayar akwatunan roba maimakon kwando, da manhajar da ke haɗa lodi da mota, ta kuma tura wa manomi kuɗinsa ta waya. Buɗewar da ta dace ba ta wuce jimla uku: ga abin da muke yi, ga wanda ke biyanmu, ga yadda cinikin ya tashi daga kakar bara zuwa ta bana. Daga nan sai lissafin akwati ɗaya. Nawa aka saye shi, sau nawa yake zuwa Legas ya dawo kafin ya fashe, nawa ake biya a kowace tafiya, guda nawa ke ɓacewa a hanya, wa ke biyan kuɗin dawo da shi ba kaya. Cikin dillalan da suka gwada bara, nawa suka dawo bana ba tare da an roƙe su ba? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi kowace nauyi, domin mutum kan gwada abu sau ɗaya don kunyar mahaifinka, amma ba ya dawowa karo na biyu sai in abin ya yi masa rana. Girman kasuwa kuma daga nan ake gina shi zuwa sama: kasuwar nan ɗaya tana loda mota kaza a rana, akwai kasuwanni kaza irinta, bayan tumatir ga tattasai da albasa. Adadin da aka haɗa ta haka ko ya fi ƙanƙanta ya fi shiga kunne, don ana iya bin sawunsa.

Akwai abubuwa biyu da ke cikin ran mai zuba jari game da kuɗin shiga na Najeriya, ko ya furta ko bai furta ba. Na farko naira. Kafin a sake ta a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ya yi cinikin naira miliyan 46 a da, dala dubu 100 ke nan. In ya ninka cinikin zuwa miliyan 92 a sabon farashi, abin da ke hannunsa wajen dala dubu 61 ne kawai. Ya yi aiki tuƙuru, ya ninka kasuwa, a idon mai dala kuwa baya ya ci. Dole a nuna layi biyu, na naira da na dala, a ƙara na uku wanda canji ba ya taɓawa, wato yawan akwatuna ko tan na kaya. Na biyu kaka. Cinikin tumatirin rani yana faɗuwa da damina ta sauka, kuma Baturen da bai san noman rani ba zai ga zanen ya gangaro ya ɗauka kamfanin ne ke mutuwa. A kwatanta masa Maris da Maris, ba Maris da Yuli ba, a kuma gaya masa me akwatunan ke yi a watannin da babu tumatir.

Sai kuma tarbiyya, wadda ita ce ta fi wuyar gyara domin ba aibi ba ce. An raine mu a kan yabon kai jahilci ne, kuma yaro ba ya kafe babba da ido. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis mai saniya ba ya yanke kuɗi, mai saye ne ke tayawa, shi kuma ya yi ta cewa albarka har a zo inda ransa ya kwanta. Yaranmu da wannan ɗabi'a suke shiga ɗakin, a tambaye su nawa suke nema, su ce duk abin da ya sauƙaƙa. A can wannan amsa tana nufin mutum bai yi lissafinsa ba. Shi ake jira ya faɗa: dala dubu kaza muke nema, za su kai mu wata goma sha takwas, a ƙarshensu za mu kasance a kasuwanni kaza da ciniki kaza. Akwai ma'aunin da zai dogara da shi. Y Combinator, cibiyar renon sababbin kamfanoni ta Amurka, wadda ta karɓi Paystack a 2016, tun 2022 take ba kowane kamfani dala dubu 500, dubu 125 daga ciki a madadin kashi 7 cikin ɗari, wato ta yi wa jaririn kamfani kima ta kusan dala miliyan 1.8 a wannan kason. Maganin kunya kuwa ba koyon fankama ba ne. Kada ya ce shi gwani ne, ya ce dillalai kaza sun dawo. Ba yabon kai a faɗin adadi.

Karin harshe ma yana da tasiri, ba amfanin musu. Malamar jami'a Laura Huang da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2013 da ya nuna masu Turancin da ba na haihuwa ba sun fi fuskantar ƙin samun jari, kuma ba don ba a gane maganarsu ba, sai don ana zaton ba za su iya jan ra'ayin mutane ba. A shekarar ce kuma Paul Graham, cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, ya tayar da ƙura da ya ce kaurin karin harshen shugaban kamfani alama ce marar kyau, daga baya ya ce yana nufin wanda ba a fahimtar abin da yake faɗa. Ba na ba kowa shawarar ya laƙume harshe yana kwaikwayon Ba'amurke, abin ya fi muni. Ya rage sauri, ya gajarta jimla, ya rubuta kowane adadi ɓaro-ɓaro a shafi, tunda 15 da 50 a Turanci sautinsu ya yi kusa. Wani binciken na Dana Kanze da Huang da wasu, kan gasar sababbin kamfanoni ta TechCrunch Disrupt a New York daga 2010 zuwa 2016, ya gano kusan kashi biyu cikin uku na tambayoyin da ake yi wa maza kan yadda za su ci riba ne, na mata kuwa kan yadda za su kauce wa asara, kuma masu shan tambayar asara sun fi samun kuɗi kaɗan. A kan mata aka yi shi, amma duk wanda ya ambaci Arewacin Najeriya ya shirya wa irin waɗannan tambayoyi: tsaro fa, wuta fa, hanya fa? Abin da binciken ya nuna yana aiki shi ne a amsa tambayar a gajarce da gaskiya, sannan a juya ta zuwa girma. E, hanya ba kyau, shi ya sa kwando ke fashewa, shi ya sa ake biyanmu.

Tambayar biza ba kasafai ake yin ta a fili ba, amma ita ce ke kashe magana bayan an fita. Amurka ba ta da bizar kafa kamfani ta musamman. Bizar aiki ta H-1B a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki, bizar E-2 ta masu jari kuwa Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da yarjejeniyarta, saura O-1 ta masu bajinta ta daban, wadda ke buƙatar tarin shaida. A Ingila mai bizar ɗalibi ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba, sai ya koma bizar bayan kammala karatu, ko ta Innovator Founder da aka fara a Afrilun 2023, wadda sai wata hukuma da gwamnati ta amince da ita ta tsaya wa kamfanin. Dokokin nan suna sauyawa, don haka a ga lauya kafin a ga mai kuɗi, a kuma zo da jimla ɗaya: ga matsayina, ga ranar da zai ƙare, ga mataki na gaba. Akwai ma asusun da baƙi kaɗai yake nema, kamar Unshackled Ventures da aka kafa a 2014, wanda ke taimakawa har da takardun zama. Wanda ke Ingila kuma ya nemi shaidar cancantar tsarin SEIS tun da wuri, domin yana ba mai zuba jari rangwamen harajin da ya kai rabin abin da ya zuba, kamfani kuma na iya tara har fam dubu 250 ta nan. Attajiri ɗan can da ke zuba nasa na kansa, ita ce tambayarsa ta farko.

Nan ne mu na gida muke shigowa, ko mun sani ko ba mu sani ba. Kusan kowane irin wannan kamfani da kuɗin dangi ya fara. Kawu ya sayar da shinkafa ya tura miliyan biyu, yaya ya bar shagonsa yana zirga-zirgar kasuwa a madadin kamfanin. Ranar da lauyan mai zuba jari ya nemi jerin masu hannu a kamfani, sai yaron ya ɗaga waya.

"Kawu, kuɗin nan da ka ba ni bara waccan, rance ne, ko gudummawa, ko kana cikin kamfani?"

"Haba ɗan nan, ni da kai har sai an yi takarda? Ka je ka yi ta nema, Allah ya yi albarka."

Amsar ta yi daɗi, amma ba ta warware komai ba. Kawu ba zai dawwama ba, kuma ranar da aka ji kamfani ya yi daraja, magada suna da hakkin tambaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, don haka ba baƙon abu aka kawo mana ba. A zauna, a yanke, a rubuta, a sa shaidu, kafin a je neman na Turawa. Shi ma yayan da ke tsaye a kasuwa, in shi ne ƙashin bayan aikin, a ba shi kasonsa a rubuce, a sa hotonsa da sunansa a shafin masu kamfani. Mai zuba jari yana tsoron shugaban da ke tafiyar da kasuwar Garun Malam daga Manchester ta waya, ganin akwai tsayayye a ƙasa shi ke kwantar masa da hankali. Dangi kuma kan tambayi halaccin kuɗin, tambaya ce mai kyau. Takardar bashin da ke rikiɗa ta zama hannun jari tana ɗauke da kuɗin ruwa. Takardar SAFE da Y Combinator ta fito da ita a 2013 ba ruwa a cikinta, ba kuma ranar biya, alkawarin hannun jari ne nan gaba. Duk da haka akwai sharuɗɗa, kamar wanda ke ba mai zuba jari damar fara ɗibar kuɗinsa in an sayar da kamfani, da ya kamata a kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi ta zamani ya duba, ba a tsaya ga fatawar zaure ba.

In an ce ana so, ba a gama ba, bincike ne zai biyo. Za a nemi takardun banki, a gwada su da adadin da aka faɗa, a kira abokan ciniki. Sun ƙara tsanani tun bayan abin da ya faru da Frank, kamfanin da bankin JPMorgan ya saya dala miliyan 175 a 2021 bisa cewa yana da masu amfani sama da miliyan 4, alhali ba su fi dubu 300 ba, har kotu ta kama mai kamfanin, Charlie Javice, da laifin zamba a Maris 2025. Baƙo kuwa ba shi da tsohon abokin makaranta a ɗakin da zai ce na san shi, takardunsa ne kaɗai za su tsaya masa. Ciniki da yawa a kasuwanninmu har yanzu hannu da hannu ne, don haka tun kakar farko a riƙa bi da kuɗin kamfani ta asusun kamfani, ko ta na'urar POS da yanzu ta yaɗu har ƙauyuka, kada su bi ta asusun yaya. Littafin dillali a ɗauki hotonsa duk mako da kwanan wata. A zaɓi dillalai uku ko huɗu da manoma kamar haka, a nemi izininsu, a gaya musu wata rana baƙuwar lamba za ta kira da tafinta, su faɗi abin da suka gani har da inda aka samu matsala, kada a karanta musu abin da za su ce. A kuma sanar da mai kiran cewa bayan la'asar zai same su, da safe suna wajen lodi.